Intanet ɗin lakwal yana aljihun mushe

Wani dare cikin watan Mayu, ana saura ƴan makonni a shiga jarrabawar BEPC, na sayi forfen jika biyu da niyyar in sauko wa ɗalibaina tsofaffin tambayoyin lissafi. Ƙanena da ke aiki a Yamai ne ya bar mani tsohuwar kwamfutarsa, shi ne kuma ya nuna mani yadda zan haɗa ta da wayata. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kunna, ta kama. Na sauko da takarda ta farko, ta biyu, ta uku, sai aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Maƙwabci ne, kuma gaisuwar ba ta wuce rabin awa ba. Ko da na dawo, saƙo na jirana a waya: forfe ya ƙare.

Washegari babu wanda ban kai wa ƙarar kamfanin waya ba. A ɗakin malamai na ce wannan sata ce ƙiri-ƙiri. Sai wani matashin malamin kwantaragi, wanda a shekaru ɗan cikina ne, ya ce, "Mushe, ba ni kwamfutar in gani." Ya latsa nan, ya latsa can, ya juyo mani da ita. Ashe wata da watanni ba ta ga intanet ba, da ta samu sai ta duƙufa sabunta kanta, ta kwashe kuɗina tas ina can ina tambayar lafiyar iyali. Ba wanda ya cuce ni. Rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Na kawo wannan labari ne saboda abin da ya koya mani ya wuce jika biyu. A galibin makarantun da na sani a jihar Maraɗi, daga wajen Gidan Rumji har Tasawa, in ka tambaya ina intanet ɗin lakwal yake, amsar ɗaya ce: yana aljihun wani malami. Da wayarsa ake aika sunayen ɗalibai, da ita ake karɓar sanarwar ofishin sufeto, da ita ake neman darasin da babu shi a littafin da ya rage a kabad. Shi ke sayen kiredi, shi ke biyan kuɗin sharji, batirinsa ne ke mutuwa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da malamai da uwaye za su zauna su amince cewa haɗa kwamfuta da waya shi ne intanet ɗin da muke da shi a yau, su koyi sarrafa shi, su kuma sauke nauyinsa daga kan mutum ɗaya.

Bari in fara da yadda abin yake, domin da yawa cikinmu suna riƙe da wayar da ke iya wannan aiki ba su sani ba. Kusan kowace waya mai Android, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, tana iya raba intanet ɗinta da wata na'ura, haka ma iPhone. Ba a bukatar sayen komai, ba a bukatar kiran gwani. A cikin saitin waya, in Faransanci take yi, za ka ga inda aka rubuta "Partage de connexion" ko "Point d'accès mobile". Daga nan hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce Wi-Fi. Waya ta zama kamar ƙaramar tashar rediyo, kwamfuta ta kamo ta, ka sa lambar sirri, shi ke nan. Amfaninta shi ne ba igiya, kuma na'ura fiye da ɗaya na iya shiga. Inda rezo ke wahala, kana iya ɗora wayar bisa taga ko katanga, ko ka rataye ta a reshen bedi inda take kamawa, kai kuma ka zauna da kwamfutarka a inuwa. Aibinta shi ne tana shan batir, tana kuma sa waya zafi, abin da ba a so a watan Afirilu.

Ta biyu ita ce igiyar USB, irin wadda ake sharji da ita. Ka haɗa waya da kwamfuta, ka kunna wurin da aka rubuta rabawa ta USB. Wannan ita na fi so. Ba wanda zai iya shigo maka daga waje, waya na samun sharji tana aiki, kuma ita ce mafita ga manyan kwamfutocin tebur da ba su da Wi-Fi, irin waɗanda ƙungiyoyi suka taɓa rabawa suna nan an lulluɓe da zane a ofishin darakta. Sai dai a kula, wasu igiyoyin masu arha wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayanai. In ka haɗa ka ga shiru, canza igiya kafin ka zargi kwamfuta.

Ta uku ita ce Bluetooth. Tana da nawa ƙwarai. Ta isa aika wasiƙa in an rasa yadda za a yi, amma ba ta aikin yau da kullum ba ce.

Wani zai ce, tunda waya ita ke da intanet, me ya kawo kwamfuta? Duk malamin da ya taɓa rubuta sunayen yara saba'in da makinsu da babban yatsa a fuskar waya ya san amsa. A waya ana kallo, ana tura wa wani. A kwamfuta ake shirya jarrabawa, a gyara kuskure, a yi jadawalin maki ya fitar da matsakaici da kansa, a sa a kile a kai wurin fotokofi. Ga kuma yaranmu. Ɗalibin da ya ci bak ya tafi Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa, ko Abdou Moumouni a Yamai, wata rana za a ce ya kawo aikinsa a buge. Na san waɗanda suka ƙware a TikTok amma ba su san inda ake ajiye takarda a kwamfuta a sake samo ta ba. Irin waɗannan sai su ɗauki kuɗin abincinsu su biya wani ya buga masu abin da su suka rubuta.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ke korar mutane. Kwamfuta ba ta da tsimi irin na waya. An ƙera ta ne da tunanin tana zaune a ofis inda intanet ba ya ƙarewa. Da ta ji ta haɗu, Windows zai fara neman sabuntawa, kuma babbar sabuntawa guda na iya cin jiga da yawa. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta za ta nemi nata, manhajar ajiye hotuna a intanet za ta fara aika duk abin da ta tarar, shafukan da ka buɗe kuma su zo da nauyin da ya fi na waya, da tallace-tallace masu kunna kansu. Duk wannan kai ba ka gani.

Maganinsa bai kai minti biyu ba, kuma shi yaron nan ya koya mani. A Windows 10 da 11, ka shiga saitin intanet, ka zaɓi sunan wayarka, ka kunna "Connexion limitée". Ka gaya wa kwamfuta ke nan cewa wannan ruwan saye ne, ba kogi ba ne, sai ta dakatar da yawancin abin da take saukewa a ɓoye. In ta igiyar USB ka haɗa, sai ka sake yin haka a ɓangarenta, domin Windows na ɗaukar igiya tamkar layin ofis. A waya ma, da yawa suna barin ka ƙayyade yawan megan da za a raba, in an kai ta yanke da kanta. Mazauna bakin iyaka, irin su Ɗan Isa da Magarya da Birnin Ƙwanni, su ƙara da kashe "Itinérance des données", don kada waya ta tsallaka rezon Najeriya ba da saninsu ba, lissafi ya canza.

Sannan a san abin da ke da nauyi da abin da ba shi da shi. Jiga ɗaya mega dubu ne, kusan. Takardar jarrabawa mai shafi biyu ko uku sau da yawa ba ta wuce mega ɗaya ko biyu. Bidiyon awa ɗaya mai tsabtar hoto yana iya lashe kusan jiga guda. Ma'ana, kuɗin kallon wasan ƙwallo ɗaya ya isa sauko da ɗaruruwan takardu. In bidiyon darasi ne dole, a rage tsabtar hoton. Muryar malami da rubutun allo za su fito, kuɗin kuma ya ragu da fiye da rabi.

Babban darasin da na ɗauka shi ne na randa da tulu. Matar da rijiya ta yi wa nisa ba ta zuwa bakin rijiya duk lokacin da yaro ya ce zai sha ruwa. Tana ɗebowa da tulu ta cika randa, gida ya wuni yana sha. Waya ita ce tulu, kwamfuta ita ce randa. Ka rubuta abin da kake bukata a takarda tun kafin ka kunna, ka haɗa, ka sauko da shi, ka kashe. Karatu da shirin darasi duk a yi su bayan an kashe. Abin da malami ɗaya ya sauko da shi, a zuba a kile a raba wa sauran, kada mutum biyar su biya kuɗin takarda ɗaya sau biyar. Akwai ma manhaja kyauta mai suna Kiwix, wadda ke ba ka damar ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta ka karanta ba tare da intanet ba, ta Faransanci da ta Hausa, har da Vikidia da aka rubuta domin yara. Mai zuwa birni ya sauko da ita sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, ƙauyen da ko kira da ƙyar ake yi ya samu ɗakin karatu a cikin akwati guda.

To, wa zai biya? Nan ne nake son uwaye su saurare ni da kyau. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda muka saba kira COGES, ga ƙungiyar uwayen yara, ga ta mata masu sa ido kan karatun ƴaƴa. Waɗannan kwamitoci sun saba sayen alli, gyaran tebur, ɗinkin zana. Ban ga dalilin da zai hana su ƙara layi ɗaya a lissafinsu ba: waya ɗaya da layi ɗaya na lakwal, da forfen wata-wata. Mu ɗauki makaranta mai ɗalibai 300. In aka samu sefa 100 a kan kowane ɗalibi sau ɗaya a shekara, an tara jika 30. A raba shi a watanni 9 na karatu, kowane wata ya samu sama da jika 3. In ana ɗebowa da tulu kamar yadda na faɗa, wannan ya isa aikin ofis da na darasi. Ba ina cewa a ƙirƙiro sabon haraji a kori ɗan talaka daga aji ba ne. Wanda ba shi da shi kada a tambaye shi. A fitar daga abin da aka saba tarawa, ko a nemi ƴan garin da ke kasuwanci a Maraɗi da Kano, ko masu cirani, waɗanda da yawansu za su fi jin daɗin ba da abin da suka san inda zai tafi.

Kuma a yi shi da tsari. Wayar ta kwana a lakwal. A ajiye ƙaramin littafi: ranar da aka sayi forfe, wanda ya kunna, abin da aka sauko da shi. A gwada layukan da ke garin kafin a zaɓa, domin tsakanin Airtel da Moov Africa da Zamani, wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms, wanda ke kamawa a wannan unguwa ba lalle ne ya kama a waccan ba. Abin jama'a in ba a rubuta shi ba, wata uku ya isa ya koma wayar kallon fim ta mutum ɗaya, sannan a ce ai dama mun faɗa.

Na san abin da za a ce mani, kuma masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Za a ce yara na zaune a ƙasa, littafi ɗaya mutum huɗu, dubban azuzuwa har yanzu na zana ne, kai kana zancen intanet. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta da gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta cinye ƙananan yara a azuzuwan zana. In aka ce in zaɓa tsakanin ajin siminti da kwamfuta, ajin zan zaɓa, ba tare da na tsaya tunani ba. Amma jika uku a wata ba ta gina aji, ba ta ma sayen tebur. Abin da take iya yi shi ne ta kawo wa malamin da ba shi da littafin jagora darasin da zai koyar gobe. Ƙarancin littafin nan da ake kafa hujja da shi, shi ne babbar hujjata.

Za a kuma ce a jira magabata, aikinsu ne. Aikinsu ne, ba musu, kuma ya kamata mu ci gaba da tuna masu. An yi ta maganar shirin kai intanet ƙauyuka, ga Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Sai dai kowane daga cikinsu yana bukatar kayan aiki masu tsada, da kuɗin wata, da wutar da ba ta yankewa, a ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Mun ga yadda aka yi a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu. A irin wannan lokaci waya da ƙaramar kwamfuta mai batir, da ɗan faifan hasken rana, su suka ci gaba da aiki. Mun kuma ga watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, yaran da malamansu suka iya aiko masu da aiki suka ɗan taɓa karatu, sauran suka zauna. Yaron da ke ajin ƙarshe bana ba zai jira shirin shekara biyar ba. A watan Yuni zai zauna jarrabawa.

Saura tsoron uwaye, wanda ni ma ina da shi, domin ni ma uba ne. Ana cewa intanet na lalata tarbiyya. Akwai abin ƙyama a ciki, akwai ƴan damfara, akwai masu farautar ƴan mata da daɗin baki. Amma ku duba da kyau ku ga ta ina ɓarnar ta fi shigowa. Ta wayar da yaro ke shiga ɗaki da ita ne, ya ja bargo, ba wanda ya san abin da yake kallo har asuba. Haɗa kwamfuta da wayar uba ko ta uwa ya bambanta da wannan. Makullin yana hannunka. Kai ke kunnawa, kai ke kashewa. Fuskar kwamfuta babba ce, a tsakar gida take, kowa na wucewa. Uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, tana iya bambanta shafin lissafi da bidiyon rawa. In ɗanka ya ce an ba su bincike, ka ce to, ga rabin awa bayan cin tuwo, zauna nan kusa da ni, in ka gama ka gaya mani abin da ka samo. Da haka ka ba shi abin da yake bukata, ba ka kuma saki linzami ba.

Sai dai makulli ba ya amfani in an bar shi a jikin ƙofa. Lambar sirrin Wi-Fi ba ta gaza harafi takwas, amma kada ta zama 12345678, ko lambar wayarka, ko sunan autarka, domin waɗannan su yaran unguwa ke fara gwadawa. Ka riƙa canza ta. Ka riƙa duba jerin na'urorin da suka shiga, wayar na nunawa, in ka ga baƙo ka fitar da shi. In ka gama ka kashe. Wannan ya wuce maganar tsimin mega. Layin nan da sunanka aka yi masa rajista, da katinka. Duk abin da wani ya aikata ta cikinsa, zagi ne ko yaɗa ƙarya ko damfara, sawun farko ƙofarka zai kawo. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, an kuma ƙara mata tsanani a watan Yuni na 2024. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan mai layin ne zai fara jiƙewa kafin a gano tsuntsun. Wannan ma wani dalili ne da ya sa bai dace malami ya riƙa buɗe wa aji guda layinsa na kansa ba.

Ga ƴan uwana malamai, musamman mu da furfura ta fara fitowa, abin da ya rage mana shi ne mu ajiye girman kai. Ni yaron da na girme wa da shekara ashirin ne ya koya mani, a gaban mutane, kuma ban ragu da komai ba. Kusan kowace makaranta tana da irinsa. A ba shi awa ɗaya ranar da ba darasi da yamma, kowa ya zo da wayarsa, ya haɗa da hannunsa sau biyu sau uku har ya zauna masa. Wanda ya iya ya koya wa darakta, ya koya wa shugaban uwayen yara, domin mai riƙe da kuɗi ya san abin da yake biya.

Ga uwaye kuma, roƙona ɗaya ne. A taron farkon shekara, bayan an gama maganar alli da zana, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: sunayen ƴaƴanmu da ake aikawa, da tambayoyin da ake kawo masu, da kiredin wa ake yi? Za ku ga wani malami ya sunkuyar da kai. Shi ne ya daɗe yana biya daga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, bai taɓa faɗa ba.

Bana ma na sayi forfen jika biyu a watan Mayu. Na rubuta abin da nake so a bayan wata tsohuwar takarda, na haɗa igiya, na sauko da tambayoyin shekaru da dama, na kashe. Na zuba wa malamai uku a kile. Da wata ya ƙare akwai sauran mega a layin.